Yadda Ake Haɗa Motar Zuwa Aiki Ba Tare da An Ɓata Ba: Jagora ga Masu Shiga Abuja Kullum

Tambaya ɗaya ce take ta maimaituwa daga masu karatu, musamman mazauna Mararaba, Masaka, Kubwa, Suleja da Lugbe da ke shiga Abuja aiki kullum: yaya ake haɗa mota da maƙwabta ko abokan aiki, abin ya ɗore, ba a rabu baram-baram ba? Dalilin tambayar a fili yake. Ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafin mai, lita ba ta kai naira 200 ba. Zuwa Oktoban 2024 ta haura naira 1,000 a Abuja. Ga kuma cunkoson safe daga Mararaba zuwa gadar Nyanya, a gangara Kugbo a haura AYA, inda in ka leƙa motocin da ke gefenka za ka ga da yawansu mutum ɗaya ne tal a ciki, kujeru huɗu wayam.

Samun abokan tafiya ba wuya gare shi ba. Abin da ke kashe tafiyar haɗaka abu biyu ne, kuɗi da lokaci, kuma kunya ce ke hana a faɗe su ƙarara tun ranar farko. Shi ya sa za ku ga na fi daɗewa a kan waɗannan biyun. Kayan aikin ba su da yawa: waya mai WhatsApp, ɗan littafi ko takardar lissafi, mota mai lafiya da cikakkun takardu, sai mutum uku zuwa huɗu da aka sani. Misalan na Abuja ne, amma mai fitowa daga Mariri ko Rijiyar Zaki zuwa cikin Kano zai iya bin matakan yadda suke.

1. Ka fara auna tafiyarka

Kafin ka yi wa kowa magana, ka ba kanka sati guda kana rubuta abu uku: lokacin da ka fita, lokacin da ka isa, da man da ka sha. Auna mai ba sai da na'ura ba. Ranar Lahadi da yamma ka cika tanki har bakin famfo ya tsaya da kansa, ka mayar da ƙaramar mitar tafiya sifili. Ranar Juma'a bayan ka dawo, ka koma gidan man nan, ka sake cikawa. Litar da ta shiga ita ce abin da ka ƙona a satin. Raba kilomitar da ke kan mita da yawan litar, ka samu kilomita nawa motarka ke ci a lita guda.

Hattara: kada ka yi lissafi da abin da ka saba gani in za ka Kaduna ko Keffi a buɗaɗɗiyar hanya. Mota a cikin gosulo, tana tsaye inji na aiki, esi a kunne, shan manta daban ne. Kuma in ka yi zirga-zirgar kasuwa ko ta biki a cikin satin, ka cire kilomitarta, don ba abokan tafiya ne za su biya maka ita ba.

A satin nan ka gwada sauya lokacin fita. Yau shida saura kwata, gobe shida da kwata, jibi bakwai saura. A hanyar Keffi zuwa Abuja, jinkirin minti ashirin wajen fita na iya zama asarar awa guda wajen isa. Sai ka san lokacin da hanyarka ke cushewa sannan za ka iya ce wa mutane ga lokacin tashi.

In kai ne ke sauke yara makaranta da safe, warware wannan tukuna. Yawancin masu cewa ba za su iya haɗa mota ba, nan ne gizo ke saƙar. Ko dai a haɗa yaran unguwa masu makaranta ɗaya a mota guda, iyaye suna karɓa-karɓa, ko a sa su a bas ɗin makaranta. Duk wanda ke bin waɗannan hanyoyi ya san yadda titi ke yin sauƙi da zarar an ba da hutun makarantu, alhali ma'aikata suna nan suna fita. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ba sai rabin motoci sun bar titi ake samun sarari ba. Ragi kaɗan a daidai lokacin da hanya ta cika maƙil yana buɗe ta.

2. Nemo mutanen

Wurare uku ne suka fi ba da mutanen kirki: ofishinku da ofisoshin da ke gini ɗaya da ku, masallacin unguwa, da zauren WhatsApp na layinku ko rukunin gidajenku. Saƙon ya zama gajere kuma ya faɗi komai:

"Salamu alaikum. Ina tashi daga Masaka shida saura kwata zuwa Sakatariyar Tarayya, Litinin zuwa Juma'a, ina juyowa huɗu da rabi. Ina neman mutum uku da za mu riƙa haɗa kuɗin mai. Mai buƙata ya yi mini magana ta gefe."

Lura da "haɗa kuɗin mai" a cikin saƙon. In ka rubuta "wanda yake son a rage masa hanya", ka gayyato masu hawa kyauta da bakinka, kuma ba ka da bakin magana daga baya.

Mutum huɗu har da direba shi ne daidai a ƙaramar mota. Biyar na shiga, amma na tsakiya a baya zai gaji da matsi cikin wata guda, ga babbar riga ta yamutse kafin a isa ofis. Abin dubawa na farko shi ne inda kowa zai sauka, ba inda yake kwana ba. Mutum biyu da ke katanga ɗaya a Ado, ɗaya na aiki a Area 1 ɗaya a Jabi, ba abokan tafiya ba ne. Gara wanda ke nesa da gidanka kaɗan amma ofishinsa na kallon naka.

Shawarata, kada ka haɗa mota da ogan da kake ƙarƙashinsa kai tsaye. Ba za ka iya ce masa ya makara ba, ba za ka iya tuna masa kuɗin sati ba, kuma hirar mota za ta koma zaman ofis tun kafin gari ya waye.

Ga mata, motar mata zalla ta fi kwanciyar hankali in an samu mai tuƙi a cikinsu. In gauraye ne, a tsayar da wurin zaman kowa tun farko, mata biyu su riƙe baya ko mace ɗaya ta riƙe gaba. Matar aure ta sa maigida a maganar, ya san mai motar ido da ido, ya riƙe lambarsa.

Hattara: duk wanda zai shiga, a samu wani a cikinku da ya san gidansa da wurin aikinsa. Abuja gari ne da 'yan wan-cans, wato 'yan fashin da ke fakewa da motar haya, suka addaba, kuma ba fasinja kaɗai suke cuta ba, mai mota ma yana iya ɗaukar mugu. Ranar da kujera ta zama babu kowa, a tafi da ita haka. Ba a cike ta da mai tsayar da mota a bakin titi.

3. Zaɓi tsarin da ya dace da ku

In kowa na da mota, karɓa-karɓa ta fi sauƙi: kowa ya ɗauki sati guda, babu kuɗin da ke shiga tsakani. Na fi son sati-sati a kan kwana-kwana, don da kwana-kwana kullum sai an yi tambayar "yau motar wa?", kuma kwana biyar ba sa rabuwa daidai tsakanin mutum huɗu. Amfanin wannan tsari babba ne, domin motarka za ta huta sati uku cikin huɗu, sabis da sauya taya su yi nisa.

In mota ɗaya ce, sai karo-karo, wanda shi ne mataki na gaba.

In kun kai goma sha biyu zuwa sama daga unguwa ɗaya, ku yi maganar ɗaukar shatar bas a wata. A yi yarjejeniya a rubuce da mai motar, a biya shi sati-sati bayan ya yi aikin, ba wata guda a gaba ba, kuma a rubuta abin da zai faru ranar da motarsa ta lalace.

Mutanen ɓangaren Kubwa da Dei-Dei na da ƙarin zaɓi da na hanyar Keffi ba su da shi. Jirgin ƙasa na cikin Abuja, wanda aka buɗe a 2018, ya tsaya a 2020, aka dawo da shi a watan Mayun 2024, yana da layi daga Gbazango ta Kagini da Dei-Dei zuwa Idu, daga Idu kuma akwai wanda ke shiga tashar Metro a tsakiyar gari. Mutum huɗu na iya haɗa mota zuwa tasha kawai, su ajiye ta, su hau jirgi. Kafin ku dogara da shi, ɗayanku ya je tashar da ƙafarsa ya ga jadawalin da ake aiki da shi yanzu, da inda za a bar mota, ya kuma auna tazarar tashar Metro da ofishinku. An hana acaɓa a tsakiyar Abuja tun 2006, saboda haka ƙarasawar ko dai a ƙafa ko a tasi. In tafiyar ƙafar ba ta wuce minti goma sha biyar ba, ta yi.

4. Lissafin kuɗi, a faɗe shi ƙarara

Ga yadda abin ke lalacewa. Ranar farko wani ya zaro kuɗi ya miƙa, mai mota ya ce, "Haba Malam, ai an zama ɗaya, bar shi kawai." Malam ya mayar aljihu. Sati na biyu wani ya sa man dubu biyar, wani bai sa ba. Wata biyu a haka, mai mota ya fara sulalewa tun da duhu, wayarsa a kashe, in an haɗu a masallaci ya ce wallahi wani uzuri ne ya taso. Babu wanda ya yi faɗa da wani, amma tafiya ta mutu, gaisuwa ma ta yi sanyi.

Maganin shi ne a zauna da biro da takarda kafin a shiga motar ko sau ɗaya. Ga misali, kai kuma ka sa alƙaluman da ka samo a mataki na farko. A ce zuwa da dawowa kilomita 40 ne, motar na cin kilomita 8 a lita cikin cunkoso. Lita 5 ke nan a rana. A ce lita naira 1,000 ce, ya zama 5,000. Ƙara kashi ɗaya cikin huɗu na wannan don baƙin mai, birki, taya da wankin mota, wato 1,250. Jimla 6,250 a rana. Raba huɗu, har da mai motar, kowa ya tashi da kusan 1,600 a rana, 8,000 a sati.

Dubi abin da hakan ke yi wa aljihun mai mota. A wata mai kwanakin aiki 22, shi kaɗai zai kashe 137,500. Da mutum uku suna ba da 1,600 kullum, 105,600 ta dawo, abin da ya fita daga gare shi bai kai 32,000 ba.

Sai ƙa'idoji huɗu da ke riƙe lissafin.

Kujera ake biya, ba hawa ba. Wanda ya kama kujera ya biya sati cikakke ko ya hau ko bai hau ba, domin an hana wani ita. Hutun shekara da doguwar tafiya ne kawai ake ɗauke wa mutum, in ya faɗa sati guda kafin nan.

A biya a gaba, ranar Lahadi da dare ko Litinin da safe, ta tiransifa. Miƙa kuɗi hannu da hannu a cikin mota shi ke jawo "bari sai gobe, ba canji".

A naɗa ma'aji wanda ba shi ne mai motar ba. Shi zai tara, shi zai tuna wa wanda ya manta, shi zai tura wa mai mota dunƙule. Wannan kaɗai na cire rabin nauyin bakin, don mai mota ba zai taɓa zama mai bin maƙwabcinsa bashi ba.

A yanke tun yanzu cewa in farashin lita ya motsa da naira 50, sama ko ƙasa, za a sake lissafi. In ya sauka a rage. Mai motar da ke saurin ƙari yana mantawa da ragi ba zai daɗe da mutane ba.

In wasu na da mota wasu ba su da ita, kuɗin kujerar nan shi ne ma'auni. Duk wanda ya fito da motarsa a sati, sauran su biya shi kuɗin kujera, ma'aji ya daidaita a ƙarshen wata tsakanin masu motocin.

Hattara: ku gwada abin da ya fito da kuɗin motar haya na hanyar. In naku ya fi na haya tsada sosai, mutane za su gudu, kuma alama ce motar mai shan mai ce, ba ta dace da wannan aiki ba. In kuma mai mota ya tsuga kuɗi har yana cin riba, to ya zama ɗan kabu-kabu, kuma wannan na da nasa matsalolin da za mu zo kansu a mataki na bakwai. Bayan sati biyu da fara tafiya a sake auna mai, domin mota da mutum huɗu ta fi shan mai a kan mota da mutum ɗaya.

5. Mahaɗa ɗaya, lokaci ɗaya

Kada a bi gida-gida. Kowace ƙofa sai an yi hon, an jira a nemo takalmi, an gaisa da mutanen gida, kafin a hau babban titi rabin awa ta tafi, cunkoson da ake gudu ya riga ya haɗu. A zaɓi wuri ɗaya da kowa zai iya takowa: ƙofar masallacin da ake sallar asuba, ƙofar rukunin gidaje, ko harabar gidan mai da kuka saba da masu shi. Wurin ya kasance da haske, da inda za a raɓe in ana ruwa, kuma a hannun da za a tafi, ba sai an yi kwana a tsallaka titi ba. Masallaci ya fi, don ana sallamewa kowa na wurin, babu mai cewa barci ya ɗauke shi.

Lokaci biyu za a faɗa: na haɗuwa da na tashi, minti biyar tsakaninsu. In na tashi ya cika mota ta tashi, ko wa ya rage. A faɗi wannan a gaban kowa ranar zaman farko, kowa ya ce ya yarda, don ranar da aka bar mutum kada ya ɗauka wulaƙanci ne. Za a gwada ku. Waya za ta yi ƙara shida saura minti goma, a ce, "Alhaji ga ni nan a bakin layi, minti biyu," kana jin ƙarar ruwa a bokiti ta cikin wayar. In aka jira shi yau, an koya wa sauran ukun cewa lokacin wasa ne.

Ƙa'idar ta hau kan mai mota ma. In ya makara fiye da minti goma ba sanarwa, kuɗin motar da sauran suka kashe ranar a cire daga abin da za a ba shi.

Hattara: wurin sauka a cikin gari ya zama cikin harabar ofis ko wani lungu, ba bakin babban titi ko kusa da tasha ba. A wurare irin su Berger, Area 1 da gadar Nyanya, masu sa ido kan motocin haya marasa fenti da 'yan kamasho ba sa tsayawa tambayar ko abokan aiki ne. Da sun ga mota ta tsaya mutane na fita, sai ka ga an buɗe ƙofa an shigo.

6. Dawowa

Safiya mai sauƙi ce, kowa lokaci ɗaya yake son isa. Yamma ce ke raba kai. Ma'aikacin gwamnati ya tashi ƙarfe huɗu, na banki bai san lokacin tashinsa ba, wani oga ya riƙe shi a mitin, wata na son biyawa kasuwar Wuse.

A tsayar da lokacin juyowa guda, da sharaɗin duk wanda ba zai samu ba ya rubuta a zaure kafin ƙarfe uku. Wanda bai rubuta ba a jira shi minti goma. In kun ga lokutan tashinku ba za su taɓa haɗuwa ba, ku yi haɗakar safe kawai a rabin kuɗi, kowa ya nemi hanyarsa da yamma. Gara haka da a riƙa zaman jiran mutum ɗaya har magariba.

Biye-biye a hanya, a hana shi gaba ɗaya, in ban da sallah. Mai motar ma ya sha mansa tun daren jiya, kada ya shiga layin gidan mai da mutane a ciki. Ranar Juma'a da watan azumi a yi musu nasu jadawalin daban. A azumi kowa so yake ya sha ruwa a gida, hanyar fita gari takan cushe tun la'asar, saboda haka ko ku riga mutane fita ko ku ajiye dabino da ruwa a mota.

7. Lafiyar mota da takardu

Da kai kaɗai ne, in mota ta tsaya a Kugbo kai ta shafa. Yanzu mutum huɗu ne za su makara. Kafin a fara a kai ta wurin bakanike ya duba birki, lagireto da fankarsa, batir, da fitilu, tunda da duhu za a riƙa fita. Zafin inji shi ne ciwon motar da ke yini a gosulo. Safaya ta kasance da iska, jak na aiki, ga abin kashe gobara da alamar tsayawa mai kusurwa uku. Mai faci ya ƙara wa tayoyi iska daidai da lodin mutum huɗu. Adadin na rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba a yawancin motoci.

Lasin tuƙi, takardun mota da inshora su zama ba su ƙare ba. Inshorar dole ta motar gida, wadda ke biyan ɓarnar da ka yi wa wani, naira 15,000 ce a shekara tun Janairun 2023. Ka yanka a hannun kamfani na gaskiya, ba ta bakin titi ba. Kowa ya ɗaura bel, har na baya. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, ta jami'an kiyaye haɗurra kuma 122, kowa ya sa su a waya.

Hattara: inshorar motar gida ba ta ɗaukar motar da ake haya da ita. Wannan ne dalilin da ya sa karo-karonku ya kamata ya tsaya a raba ɗawainiya tsakanin mutane sanannu. Littafin ma'aji mai sunayen mutum huɗu da lissafin mai shi ne shaidarku in magana ta taso. Tarar laifin tuƙi ko ta takardu ta mai mota ce shi kaɗai, ba a raba ta.

8. Zaman cikin mota

A yanke maganar esi, don tana shafar mai: ko a kunna kullum a sa a lissafi, ko sai da yamma. Rediyo na direba ne, amma a ƙasa-ƙasa. Mai son sauraron wani abu ya sa abin kunne. Musun siyasa da na malamai a bar shi a gida. Abin da aka ji a wayar wani a cikin mota, a nan ya tsaya. Wanda ke gaba kada ya yi barci, aikinsa ne ya riƙa taya direba hira, musamman a dawowar yamma da gajiya ta taru.

9. Gwajin sati biyu, da ranar da abu ya kwaɓe

Ku kira farkon tafiyar gwaji, ku sa masa ranar ƙarewa. Amfaninsa shi ne duk wanda abin bai yi masa ba zai fita ba tare da neman ƙaryar da zai yi ba. Ranar da ya cika a zauna minti goma: lokacin tashi ya yi? Kuɗin ya riƙe man? Wa ke makara?

A wannan zaman a shirya wa ranar matsala. In mai mota ba shi da lafiya ko mota ta kwana a gareji, ya sanar kafin ƙarfe tara na dare. A san motar wa za ta maye gurbi, ko a riƙe lambar wani direban tasi da aka sani wanda zai kwashe ku gaba ɗaya. Ma'aji ya riƙa ware ɗan abu daga kuɗin sati, ko naira 500 daga kowa, don irin wannan rana da kuma ranar da wani zai koma gida da gaggawa tsakar rana. Tsoron "in yaro ya kamu da zazzaɓi a makaranta fa, ga shi ban zo da mota ba" shi ke sa mutane da yawa komawa tuƙi su kaɗai. In akwai kuɗin tasi a ajiye, tsoron ya kau.

Mai son fita ya ba da sanarwar sati guda. Sabon shiga sai kowa ya yarda da shi, kuma shi ma ya yi nasa gwajin.

10. Kai maganar ofis

Motarku ɗaya ta cire uku daga titi. Wannan ya gyara aljihunku, amma ba zai buɗe gadar Nyanya ba. Inda ake ganin bambanci shi ne in ma'aikata guda ta ɗauki abin. A ce mutum 80 ne ke zuwa da motocinsu a ofishinku, rabinsu suka haɗu huɗu-huɗu. Motoci 40 sun koma 10, an rage 30 a titi da kuma harabar da kullum ake faɗan wurin fakin.

Bayan tafiyarku ta yi wata biyu lafiya, ku rubuta wa sashen gudanarwa takarda shafi ɗaya. Ku fara da abin da ba ya cin ko sisi. A ware wuraren fakin mafi kusa da ƙofa don motocin da suka zo da mutum uku ko fiye. A kafa takarda a allon sanarwa, kowa ya rubuta unguwarsa da lokacin fitarsa don a san masu hanya ɗaya. A daina sa mitin bayan uku da rabi. Sannan ku nemi sassaucin lokaci: wasu su fara bakwai su tashi uku, wasu tara zuwa biyar, maimakon kowa takwas zuwa huɗu.

Buƙata mafi girma ita ce yini ɗaya ko biyu na aiki daga gida ga waɗanda aikinsu na kwamfuta ne, kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Jihar Kaduna ta koma kwana huɗu a ofis a Disamban 2021, Kwara da Edo kuma sun rage zuwa kwana uku a watan Yunin 2023 bayan cire tallafi. Ku ajiye wannan a ƙarshen takardar, don shi ne wanda oga zai fi jinkirin amincewa da shi, kada ya ja sauran su nutse tare.

Hattara: in aka amince da aiki daga gida, ku 'yan mota ɗaya ku nemi rana ɗaya gaba ɗayanku. In aka ba kowa tasa daban, motar za ta ci gaba da fita kwana biyar da kujera ɗaya babu kowa kullum, kuma sai an sake lissafin mataki na huɗu an raba uku maimakon huɗu.